Fim Da Waƙa: Makaranta Ta Biyu Da 'Ya'yanmu Ke Zuwa

 Duk wanda yake da ɗa a makarantar sakandare ya san kuɗin makaranta, ya san na littattafai da na yunifom, kuma in zango ya ƙare yakan karɓi takardar sakamako ya duba ko yaron ya ci ko ya faɗi. Amma akwai wata makaranta ta biyu da yaran nan suke zuwa kullum, wadda ba ta da shugaba, ba ta tafiya hutu, ba ta kuma aiko wa iyaye da sakamako. Makarantar nan ita ce ta fim da waƙa, ajinta kuwa yana cikin wayar hannu.

Mu da muke koyar da ajin matasa a ikilisiya kowace Asabar da yamma mun sami zarafin zama da ɗaliban sakandare tun daga watan Satumba na 2022 har zuwa Yuli na 2023, wato shekarar karatu guda cur. Mun mai da shi al'ada, kafin a buɗe darasi sai mu tambaye su abin da ake ji da abin da ake kallo a makarantunsu. Da fari sun yi ta noƙewa, suna tsammani tarko ne aka ɗana musu. Da suka ga babu bulala a hannunmu, sai baki ya buɗe. Abin da muka koya daga gare su shi ne muke so mu kawo wa iyaye a yau.

Yadda kayan ke isowa

Iyaye da yawa suna cewa, "Ai ɗana ba shi da waya," ko kuwa, "Ai ba na saya masa data." Wannan ba ya hana komai. A kasuwa da bakin tasha akwai rumfunan masu cajin waya, kuma yawancinsu suna tura fim da waƙa a kan kuɗi kaɗan. Yaro ɗaya ya kai memori a cika masa, gobe ya shiga aji ya tura wa abokansa ta Xender, wadda ba ta bukatar data ko kaɗan. Kafin a tashi tara, rabin aji sun samu. Makarantun kwana da yawa sun hana riƙe waya, amma 'yan jeka-ka-dawo suna kai labari, sauran kuma su rama a lokacin hutu.

Waƙa kuwa ta TikTok take fara shigowa. Ana yanko ɗan guntu ne daga cikinta, abin da bai kai minti ɗaya ba, a haɗa shi da wata rawa, kowa ya kwaikwaya. Shi ya sa za ka tarar da yaro ya iya amshi da rawar wata waƙa sarai, alhali bai taɓa sauraronta daga farko zuwa ƙarshe ba, bai kuma san abin da take faɗi ba.

Zango na farko

Da aka koma makaranta a watan Satumba, waƙar Buga ta Kizz Daniel da Tekno, wadda ta fito tun watan Mayu, ita ce take kan gaba. Rawar ta shiga bikin aure, ta shiga filin taron makaranta, har mun ga wasu matasa suna ɗaga kafaɗu irin nata a layin kai baiko ranar Lahadi. Calm Down ta Rema tana biye, ga kuma waƙoƙin Asake, wanda ya fitar da kundinsa na farko a cikin wannan wata.

Kada kuma wani ya ɗauka 'ya'yanmu na Kudu kaɗai suke saurara. Benci ɗaya suke zama da abokansu Musulmi, kunne ɗaya kuma suke da shi. Warr da Chass na Ado Gwanja, waɗanda suka jawo ce-ce-ku-ce a Kano a wannan shekara, suna cikin wayoyinsu. 'Yan mata suna bin Labarina a tashar Arewa24 da Izzar So a YouTube, suna gardama a kan wanda ya cancanci ya auri wa. Ƙananan cikinsu kuma sun fi son finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, saboda barkwancin masu fassara.

Daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba aka yi gasar cin kofin duniya a Katar, ta kuwa faɗo daidai da jarrabawar ƙarshen zango. A makonnin nan samari suka ajiye fim suka koma gidajen kallon ƙwallo, wasu da littafin lissafi a hammata wanda ba a buɗe ba har aka tashi.

Zango na biyu

Bayan hutun Kirsimati, ba abin da ake magana a kai sai Far From Home, fim mai kashi-kashi da Netflix ta saki a watan Disamba. Ba abin mamaki ba ne da ya kama su, gama labarin 'yan sakandare ne. Wani yaro ɗan talakawa mai baiwar zane, sunansa Ishaya, ya sami shiga wata makarantar 'ya'yan masu kuɗi a Legas, daga baya ya tsinci kansa yana sayar wa ɗalibai ƙwaya, har ƙanwarsa Rahila ta shiga hatsari saboda shi. Sunayen ma irin namu ne, don haka yaranmu suka ga kansu a ciki.

Muka nemi fim ɗin muka kalla, sa'an nan wata Asabar muka tambaye su ko abin da Ishaya ya yi daidai ne. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ɗan aji biyar ya ce, "Malam, to in ba haka ba, ta ina talaka zai fita?" Bai faɗi haka don rashin kunya ba. Mahaifinsa manomi ne, sau biyu ana koro shi gida saboda kuɗin makaranta. Kafin mu ba shi amsa, wata yarinya ta juyo ta ce masa, "Kai Ishaya kake kallo. Ni Rahila nake kallo. Ita me ta yi?" Ranar ba mu taɓa darasin da muka shirya ba. Sa'a guda muka yi a kan tambayar yaron nan, muna lissafa mutanen unguwarmu da suka fita daga talauci ta hanyar karatu da sana'a, da waɗanda suka bi gajeriyar hanya, da inda kowannensu ya ƙare.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, yaron ya daɗe da wannan tunani. Waƙoƙi da dama da yake ji suna yabon wanda ya yi kuɗi dare ɗaya, ba sa tambayar inda ya samo. Fim ɗin ya ba shi kalmomin faɗin abin da ke zuciyarsa ne kawai. Da an ƙwace wayar an yi shiru, da tunanin yana nan, ba wanda ya sani.

A watan Janairu na 2023 kuma Shanty Town ya fito, fim ne na 'yan daba da karuwanci wanda ba a yi shi domin yara ba sam, amma 'yan aji uku sun ba mu labarinsa tiryan-tiryan. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a watan Fabrairu ya hana iyaye sayen gishiri, bai hana fim yawo ba, tun da tura wa aboki kyauta ne.

Zango na uku

Wannan shi ne zangon jarrabawa. 'Yan aji shida sun rubuta JAMB a ƙarshen Afrilu, WAEC a Mayu da Yuni, NECO kuma ta biyo baya. Davido ya fitar da kundin Timeless a ranar 31 ga Maris, rawar Unavailable ta cika ko'ina har zuwa bikin yaye ɗalibai. Amma mun lura da wani abu: da jarrabawa ta matso, waƙoƙin bishara suka ƙaru a bakinsu. A taron FCS ana rera na Mercy Chinwo da Nathaniel Bassey, da na Solomon Lange cikin Hausa, har da tsofaffin waƙoƙin Panam Percy Paul waɗanda iyayensu suka tashi da su. Mun yi murna da haka, mun kuma tuna musu cewa waƙa tana kwantar da hankali amma ba ta karanta wa mutum littafi.

Littafin da JAMB ta sa a karanta a shekarar shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, ɗan ƙaramin littafi ne. Mun sami ɗalibai da za su iya jero maka dangin kowa a cikin Labarina, amma ba su gama shi ba. Ƙwaƙwalwa tana nan ke nan, lokaci ne ya tafi wani wuri.

Bari mu yi lissafi tare. Zango yana ɗaukar kamar mako 13, wato kwana 91. In yaro yana kallo na sa'a 2 kowane dare, ya ba fim sa'a 182 a zango ɗaya. In darasi guda minti 40 ne, wannan daidai yake da darasi 273. Babu malamin da yake samun rabin wannan a hannun yaro, alhali kuwa kiredit biyar da suka haɗa da Turanci ake nema kafin a shiga jami'a.

Wata uwa ta same mu bayan sujada ta ce, "Malam, 'yarka barci take yi a aji, ko za a yi mata addu'a?" Da aka bincika, ashe da wayar uwar take kallo a cikin bargo har ƙarfe biyun dare, bayan kowa ya yi barci. An yi addu'ar, an kuma shirya cewa waya za ta riƙa kwana a ɗakin uwar daga ƙarfe tara, ranar Asabar kuma su kalli kashi ɗaya tare. Yarinyar ta yi fushi na mako guda. Barcin aji dai ya tsaya.

Mu ma mun yi zamaninmu

Kafin mu ɗora wa yara laifi, mu tuna baya. Mu da muka yi sakandare bayan shekara ta 2000 mun yi hayar kaset da faifan Sangaya da Wasila, mun haddace African Queen ta 2Face, mun kwaikwayi rawar P-Square. Su kansu tagwayen nan a Jos suka tashi, kuma a ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo ta makarantarsu ta sakandare suka fara. Iyayenmu ma sun yi layi a silima domin finafinan Indiya, sun zauna gaban talabijin suna jiran Cock Crow at Dawn. Son kiɗa da labari ba sabon abu ba ne, ba kuma cuta ba ne. Ko Dawuda da kiɗan molo ya riƙa sanyaya zuciyar Sarki Saul.

Bambancin shi ne, a zamaninmu talabijin ɗaya ce a falo, gida duka ake kallo. In abin kunya ya fito, kaka ta yi tsaki, baba ya yi gyaran murya, yaro ya gane cewa wannan ba daidai ba ne ko da ba a ce masa komai ba. Yanzu yaro shi kaɗai ne da wayarsa, ya toshe kunnuwa, babu mai yin tsaki a gefensa.

Abin da za mu iya yi

Shawararmu ta farko ga iyaye ita ce su san abin da ake koyarwa a makarantar nan ta biyu. Ka tambayi ɗanka waƙar da ake yayi, ka ce ya sa maka ita daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma fassara maka da Hausa. Sau da yawa shi da kansa zai ji nauyin maimaita wasu kalmomin a gabanka, wannan kuwa ya fi dogon faɗa amfani. In waƙar mai kyau ce, ka faɗa masa haka, domin ya san ba ƙin kome da kome kake yi ba.

Ta biyu, a sa wa abin lokaci, a kuma ƙara tsanantawa a zango na uku. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Dokar nan ba za ta yi aiki ba in baba da mama su ma suna kan tasu wayar har tsakar dare.

Ta uku ta shafi mu ma'aikatan ikilisiya da shugabannin matasa da Zumuntar Mata. Yaron da ya iya rawar TikTok cikin kwana ɗaya zai iya koyon ganga ko jita. Yarinyar da ta iya ba da labarin fim ba tare da ta manta kome ba za ta iya rubuta wasan kwaikwayo na Kirsimati ko na Ista. Mu ba su wuri a ƙungiyar mawaƙa da ta wasa, mu bar su su kawo salonsu, mu gyara inda ya kamata. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba su ce a karya shi ba.

Waƙoƙin da muka lissafa a nan tuni wasu suka maye gurbinsu, haka kuma za a ci gaba kowace shekara. Tambayar yaron nan ɗan aji biyar kuwa tana nan a zukatan yara da yawa da ba su sami wanda za su yi wa ita ba. In an koma makaranta a wannan karo, bayan ka biya kuɗi ka sayi littattafai, ka zauna da ɗanka ka tambaye shi abin da yake kallo, ka kuma saurara har ya gama. Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.