Me ya sa gyaran da ka yi wa Linux yake ɓacewa bayan sabuntawa?

A shirinmu na fasaha na wannan makon mun taɓo wata matsala da ke damun masu kula da kwamfuta mai aiki da Linux. Ka raba dare kana gyara saiti, komai ya zauna daidai, da ka sabunta manhaja sai ka tarar gyaran ya bi ruwa. To, mai karatu, galibi a gonar wasu ka yi shukar.

A Debian, Ubuntu da Fedora, tsarin systemd yana duba saiti a manyan wurare uku. /usr/lib na masu haɗa manhaja ne, nan saitinsu na asali yake, kuma duk sabuntawa suna iya sake rubuta shi. /run na wucin gadi ne, da an kashe na'ura ya goge. /etc kuwa naka ne. Idan fayiloli suka zo da suna ɗaya, na /etc ke danne na /run, shi kuma ya danne na /usr/lib.

Ga misali. Journald, mai adana tarihin abin da ke faruwa cikin na'ura, yana iya cin kashi 10 cikin 100 na faifai, iyakarsa gigabayit 4. A ƙaramin faifai wannan ba wasa ba ne fa. Sai ka buɗe fayil mai suna 90-iyaka.conf a cikin /etc/systemd/journald.conf.d. Layin farko ka sa kalmar Journal tsakanin baka biyu masu kusurwa, na biyu SystemMaxUse=200M. Ka bi da systemctl restart systemd-journald, shi ke nan.

Me ya sa 90? Idan sunaye sun bambanta, ana karanta su ne bisa jerin lambobi da haruffa, ko a ina suke, kuma na ƙarshe ke da magana. Ka ga kenan in ka sa wa naka 10, nasu mai 50 zai kayar da shi.

Kada kuma ka kwafo dukan fayil ɗinsu zuwa /etc don layi ɗaya, domin duk gyaran tsaro da suka yi masa daga baya zai wuce ka. Rubuta abin da kake son sauyawa kawai.  Sai mun haɗu a shiri na gaba.