Injin Iska da Darajar Gidan Maƙwabci

A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kakkafa injinan iska 37, waɗanda aka tsara su samar da megawat 10 na lantarki. To, yaya zaman maƙwabtan irin waɗannan injina yake? Fukafukansu suna da ruri, kuma idan rana ta yi ƙasa inuwarsu takan riƙa giftawa ta tagogi. Wani binciken Amurka na 2023 ya gano cewa a gundumomi masu yawan jama'a, gidajen da ke cikin mil ɗaya sun faɗi da kusan kashi 11 cikin ɗari, kafin farashinsu ya farfaɗo bayan 'yan shekaru. A karkararmu kuwa, inda akasari gadon gida ake yi, ba cinikinsa ba, abin dubawa shi ne gonar da aka karɓa, diyyar da aka biya, da kuma ko wutar ta shiga ƙauyen.