Da me ake auna nisan zuciyar soja da iyayensa?

'Yan'uwa manoma da makiyaya, hatsi da tiya muke auna shi, rijiya kuma da gaba. To nisan da ke shiga tsakanin ɗa soja da iyayensa fa, da me za a auna shi?

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani dattijo. Ɗansa na fari soja ne. An kai shi jihar Difa bayan da 'yan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa a 2015. Ran nan da aka tashi karatu sai dattijon ya tsaya, ya ce mini: "Malam, ko wane wata jika goma na zuwa, amma yaron ba ya zuwa. Ko ya zo hutu, sai ya zauna a zaure ya yi tsit. In na tambaye shi, sai ya ce lafiya lau, Baba."

Masana sun daɗe suna neman mudun auna irin wannan abu. A lokacin yaƙin duniya na biyu, wani malami Ba'amurke, Samuel Stouffer, shi da abokan aikinsa sun yi wa sojoji wajen rabin miliyan tambayoyi a kan tsoro, da abinci, da shugabanninsu, da son komawa gida. An buga aikin a 1949. A 2003 kuma masanan ma'aikatar da ke kula da tsofaffin sojojin Amurka suka fito da wata takardar tambayoyi. A ciki ana tambayar soja yadda gidan da ya tashi yake, da damuwar da yake yi da iyalinsa yana fagen daga, da ko ya sami mai sauraronsa da ya komo.

Awon da ya fi burge ni shi ne na Arthur Aron da abokansa, na 1992, don ba ya bukatar karatu. Hoto bakwai ne. Ko wane hoto da'ira biyu ce, ɗaya kai, ɗaya wanda ake tambayarka a kansa. A hoto na farko bakinsu kaɗai ya taɓa juna. A na bakwai sun kusa zama ɗaya. Sai a ce ka nuna wanda ya yi kama da ku. Ko a kan rairayi ana iya zana shi da kara.

Amma ni a ganina mudun wata kasuwa ba ya cika awo a tamu. A nan uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Uba ba ya zama yana hira da shi gaban jama'a. 'Yan'uwanmu Fulani ma sun fi mu wannan kunya. Baƙo in ya gani sai ya rubuta cewa babu shiri a gidan, alhali kuwa uwar nan ba ta barci in ta ji rediyo ya ambaci inda ɗanta yake. Kuɗin da ake aikowa su ma ba awo ba ne. Ɗa yana iya aiko da su don sauke nauyi, zuciyarsa tana can nesa.

Abin da za ku duba shi ne shirun da ba ku saba da shi ba. Kunya tun yana yaro kun san ta. Amma yaron da a da yake tambayar gona da awaki da wanda ya rasu a gari, yanzu ya bari, wannan wani abu ne. Haka in ya daina cin tuwo da ƙannensa, ko ya riƙa firgita cikin barci, ko ya yi hutunsa a birni bai iso gida ba.

Kada ku yi saurin cewa raini ne. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, sojojinmu 71 suka rasu rana ɗaya. Wanda ya ga irin wannan rana, ta ina zai fara ba uwarsa labari? Wani abin kuma sirrin aiki ne, an hana shi faɗi. Mu ma da namu laifin: sau da yawa ba mu kiransa sai taki ya tashi ko biki ya matso.

Na zana wa dattijon hotunan nan bakwai a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya aza yatsa bisa na biyu. Na ce: "Baba, da can fa, kafin ya tafi?" Ya matsa da yatsansa zuwa na biyar.

Yanzu wata na huɗu ke nan yana koyon baƙaƙe. Ya ce wasiƙar farko da hannunsa zai rubuta ta, ba ya son kowa ya rubuta masa. Na ga layin da ya fara a allo. Ba maganar kuɗi a ciki. Ya rubuta cewa jar saniya ta haihu, ɗan maraƙi namiji.