ZOƁO: JAN FURE MAI KAWO KUƊƊI, IN AN BI DOKA

Kowane manomi ya san yakuwa. Mata ke shuka ta a gefen gonar hatsi. Ganyenta na miya, ɗiyanta na daddawar batso. Jan furen kuma, wato zoɓo, shi ne ake jiƙawa a sha.

Wannan fure yana da kasuwa a ƙasashen waje. A Jamus ana sa shi cikin shayi. A Meksiko ana shan ruwansa kamar yadda ake sha a Maraɗi da Damagaram. Masu hawan jini ma suna nemansa. Sudan ta daɗe tana sayar da shi. Jihar Jigawa ta Nijeriya, maƙwabciyar Damagaram, tana noma shi da yawa.

Amma kasuwar waje tana da doka.

Darasi biyu daga maƙwabta

A 2015, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana busasshen waken Nijeriya shiga ƙasashensu. Dalili: an samu gubar maganin ƙwari a ciki, irin wadda ke cikin piya-piya.

A 2018, cinikin zoɓon Nijeriya da Meksiko ya tsaya, don an ga ƙwarin ajiya cikin kayan. An yi shekaru kafin hanya ta buɗe. Buhunnan mutane kaɗan ne suka ɓaci, amma hasara ta faɗa ma kowa.

Takardun da ake nema

Kafin kaya su fita Nijar, ma'aikatan kare tsirrai suna duba su. In babu ƙwaro, babu ciwo, su ba da takardar lafiyar tsirrai. Akwai kuma takardar da ke nuna ƙasar da aka noma kayan, da takardun duwan. Can inda kayan suka sauka, ana iya ɗibar kaɗan a auna. In an samu guba ko rima, a maido su ko a ƙone.

Aikin manomi

Takarda ba ta gyara kayan da suka lalace tun daga gida. Don haka:

1. A tsinke fure in ya ƙosa, a cire ɗiyan.
2. A shanya bisa tabarma mai tsabta, ba bisa ƙasa ba. A tsare shi daga awaki da kaji.
3. A bari ya bushe ƙayau kafin a ɗura.
4. A sa cikin sabon buhu. Buhun taki ko na magani bai dace ba.
5. Kada a yayyafa piya-piya. In ƙwari sun shiga, a nemi malamin gona.
6. Kada a ƙara yashi don nauyi.

Manomi ɗaya ba ya cika mota. In mutanen gari suka haɗu cikin ƙungiya, suna iya tace kayansu, su auna, su yi ciniki da baki ɗaya. Kowa ya sa ido ga buhun ɗan'uwansa, don sunan garin ne ke tafiya da kayan.