Haske da Ƙwari a Rayuwar Dashen Itacen Katako: Darasin Maɗaci da Loko ga Abuja

Katakon da ake saukewa a kasuwar Dei-Dei, wanda kafintocin Kugbo ke mayarwa gado da kujera da ƙyaure, darajarsa tana ga tsawo da miƙewar gungumen da aka tsago shi, kuma wannan miƙewa ana samunta ko a rasa ta tun itacen yana dashe bai wuce tsayin mutum ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a wannan lokaci, wato yawan hasken da ke sauka a kan dashen da irin ƙwarin da ke far masa. Yankin Birnin Tarayya, wanda aka kafa a 1976, wuri ne da ya dace a duba lamarin, domin yana tsakanin sararin daji mai dogayen ciyayi, inda maɗaci da kawo da doka da maje suke, da kurmin bakin rafuka inda ake samun itatuwan da suka fi yawa a Kudu, kuma damina a cikinsa takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba.

Ganye shi ne madafar itace, domin a cikinsa ne ake haɗa ruwan da saiwa ta zuƙo da iskar da ganyen ya shaƙa, da ƙarfin hasken rana, a samar da sukarin da ke gina jiki da saiwa. Sai dai buƙatar itatuwa ba ɗaya ba ce. Malaina da tik, waɗanda aka kawo daga Asiya, buɗaɗɗiyar rana suke so, sukan tsumbure a ƙarƙashin inuwa, alhali maɗaci yana jure inuwa mai sauƙi a ƙuruciyarsa, sannan ya nemi cikakken haske idan ya tasa. A gandun renon itatuwa, idan rumfa ta yi duhu sai dashe ya zuƙe, ya yi tsawo ba ƙwari, ganyensa ya koɗe, kuma laimar da ba ta bushewa ta ba funfuna damar ruɓar da wuyansa daidai bakin ƙasa. Idan kuma aka fito da shi daga inuwa zuwa tsakar rana rana guda, ganyen ya ƙone. Shi ya sa gwanayen reno ke rage rufin rumfa da ban ruwa sannu a hankali, makonni kafin a kai dashe fili.

Babban makiyin maɗaci kuwa wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda masana suka sa wa suna Hypsipyla robusta. Macen takan ajiye ƙwai a kan sabon toho, tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta huda kan tohon ta shige ciki tana cin bargonsa, alamarta kuwa ita ce ɗan tarin kashinta mai kama da dusar katako, haɗe da ƙaro, a bakin ramin. Kan itacen sai ya bushe, tohon da ke gefe su tashi biyu ko uku su maye gurbinsa, ita kuma tsutsar ta sake bin su. Da wuya wannan ya kashe itacen, kuma nan ne yaudarar take, domin mai kallo daga nesa zai ga dashe kore shar ya ɗauka aiki ya yi kyau, alhali abin da zai girma gajeren itace ne mai rassa tun daga ƙugu, mai inuwa da maganin gargajiya amma maras gungumen da injin tsaga zai karɓa. Wannan ƙwaro, da ɗan'uwansa da ke nahiyar Amurka, su ne suka daɗe suna hana a yi manyan gonakin maɗaci da danginsa a ƙasashensu na asali. Feshin magani bai cika amfani ba, tun da tsutsar tana ɓoye a ciki, ruwan sama yana wanke abin da aka fesa, kuma sai an yi shekaru ana maimaitawa.

Inda hasken ya haɗu da ƙwaron shi ne, dashen da ke tsakar rana, musamman idan jinsi ɗaya aka jera, ya fi fitar da toho mai taushi da kauri, wanda tsutsar ta fi so, ya kuma fi sauƙin ganowa. Loko ma haka ne: wani ƙaramin ƙwaro mai tsotso, Phytolyma lata, yana sa sabon ganyensa ya yi ƙulli-ƙulli, idan ƙullin ya fashe sai ruɓa ta shiga, kan dashen ya mutu. Gwaje-gwajen cibiyar binciken gandun daji ta Ghana da ke kusa da Kumasi sun nuna cewa inuwa tana rage wannan ɓarna, amma tana rage saurin girma, domin shi loko mai son haske ne. Ke nan inuwa mai duhu ba mafita ba ce. Abin da ya fi dacewa shi ne inuwar gefe, wato a bar sama a buɗe, a tsare gefuna da wasu itatuwa ko amfanin gona, yadda dashen zai miƙe yana bin haske bisa, ya rage rassa, ya kuma ɓuya a cikin maƙwabtansa. Dabarar ba baƙuwa ba ce, domin tsarin taungiya, na haɗa dashen itace da noman abinci a gona ɗaya, ya shigo Nijeriya daga Burma tun a 1927 a Sapoba. Idan tsutsa ta riga ta yi ɓarna, datse tohon da suka yi yawa a bar mafi ƙarfi guda yana ceto itacen. Gara da awaki da gobarar hunturu su ma suna ci, amma maganinsu sananne ne.

A 2016 an sanya madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, a 2022 kuma, a taron Panama, aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka, abin da ke nuna cewa dogaro da na daji ya kusa ƙarewa. Ilimin maye gurbinsu yana nan a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan da tasharta ta Samaru a Zariya. Ya kamata hukumomin Birnin Tarayya da ƙananan hukumomin Kuje, Kwali, Abaji, Bwari da Gwagwalada su daina auna nasarar dashe da adadin itatuwan da aka dasa ranar bikin dashe, su gauraya jinsuna, su ware kuɗin datsa da kulawa, sannan su koma bayan shekara 5 su ƙirga itatuwa nawa ne suka tashi da kai ɗaya a miƙe.