Kiɗan jita da yatsu: yadda hannu ɗaya ke yin aikin makaɗa uku

Duk wanda ya fara koyon jita, ko a Zangon Kwatano yake ko a Maraɗi, akwai ranar da zai ci karo da bidiyon mutum ɗaya yana kiɗa, amma kunne na jin kamar mutum uku ne. Wannan salo shi ne kiɗa da yatsu, wato a ajiye ɗan ɓallen robar da aka saba karta tsirkiya da shi, a bar kowane yatsa ya yi nasa aikin.

Jita tana da tsirkiya 6. Babban yatsan hannun dama shi ke riƙe da ukun sama masu kaurin murya, yana kai da komo a tsakaninsu kamar mai ganga, ba ya fasawa. Manuniya da na tsakiya, wani lokaci har da na kusa da ƙarami, su ke fitar da karin waƙar a sauran ukun. Wahalar ita ce raba hankalin yatsun, domin da zarar manuniya ta motsa sai babban yatsa ya so ya bi ta. Mu masu koyo a nan muke daɗewa.

A kiɗan kantiri na Amurka, ana danganta salon da Merle Travis, ɗan jihar Kentucky, wanda ke kiɗa da babban yatsa da manuniya kawai. Chet Atkins (1924-2001) ya ji shi a rediyo yana saurayi. Da yake bai ga hannunsa ba, ya ɗauka yatsu biyu ba za su iya wannan aiki ba, sai ya ƙara wasu, a haka ya samu salon kansa. A fannin jaz kuwa, Wes Montgomery da tsokar babban yatsa yake kiɗa, shi ya sa sautinsa ke da taushi, yayin da Joe Pass ya nuna a faifansa Virtuoso na 1973 cewa jita ita kaɗai tana iya ɗaukar waƙa daga farko har ƙarshe.

Sai dai mazauna Benin ba sai sun haye teku neman abin koyi ba. An haifi Lionel Loueke a Kwatano a 1973, kuma sai da ya kai shekara 17 ya kama jita. Saboda tsadar tsirkiya, da wayar birkin keke yake maye wadda ta tsinke. Yakan sa batir da ya kusa mutuwa a rakoda domin kaset ɗin George Benson ya rage gudu, ya tsinci sautin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya yi karatu a Abijan da Paris da makarantar Berklee ta Boston, kafin a ɗauke shi a cibiyar Thelonious Monk a 2001. Ya shafe shekaru yana kiɗa tare da Herbie Hancock, kuma yakan saƙa takarda tsakanin tsirkiyoyi don jitar ta yi amo irin na kayan kiɗan gida.

Ga Bahaushe ma abin ba baƙo ba ne. Mai gurmi da mai molo da yatsu suke kiɗa, wata tsirkiya tana riƙe da ƙasa, wata tana magana. Masana sun nuna cewa banjo, wadda kiɗan kantiri ya ginu da ita, ta samo asali ne daga irin waɗannan kayan kiɗa da bayi 'yan Afirka ta Yamma suka san su.

Matasa da yawa kan fasa koyo don suna ganin sai da jita mai tsada da malami daga waje. Abin da salon ke buƙata shi ne kunne da haƙuri. A fara da babban yatsa shi kaɗai, minti 15 kullum, har ya riƙa tafiya ko ana hira. Sannan a ƙara yatsa ɗaya. YouTube na ba da damar rage gudun bidiyo zuwa rabi, aikin da Loueke ya riƙa yi da mataccen batir. In an samu dama kuma, a zauna kusa da mai gurmi a wajen biki, a zuba wa hannunsa na dama ido.