Kashi na 14: Ka samu lasisin bindiga a Amurka, to wace bindiga za ka ɗauka?

Yau Amurka za mu leƙa. Duk wanda ya taso yana kallon finafinansu zai ɗauka a can da zarar mutum ya samu lasisin yawo da bindiga a ɓoye cikin riga, shi ke nan, kowace ya ga dama sai ya soka a ƙugu ya fita. Ba haka abin yake ba. A wasu jihohin, lasisin ba naka kaɗai ba ne, har da bindigar a ciki.

Dalili kuwa, gwamnatin tarayya ba ta bayar da wannan lasisi. Kowace jiha da tata dokar, jihohi 50. Mu fara da Niyok, inda tun 1911 aka kafa dokar lasisin ƙaramar bindiga. A can, a jikin lasisinka ake rubuta kowace bindiga: kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, girman harsashinta, da lambarta. Ka sayi sabuwa? Sai an ƙara ta a lasisin kafin ka karɓe ta daga shago. Ka ga kenan zancen "ara mini taka in fita da ita" bai ma taso ba, ko da ku biyun duk kuna da lasisi.

Kalifoniya ta fi ba ni mamaki, don katanga uku ce a jere. Ta farko, lasisin na ɗauke da jerin bindigogin da aka yarje maka, kuma shugaban 'yan sandan gunduma ko na gari da ya bayar da shi ne ke cewa guda nawa. Wurare da dama uku suke tsayawa. Ta biyu, tun 2001 jihar na da jerin ƙananan bindigogin da shaguna za su iya sayarwa, kuma sai samfurin ya ci gwaji, har da na jefar da ita ƙasa a ga ko za ta tashi da kanta. Bindigar da ake sayarwa a kowane shago a Teksas, sai ka ga babu ita sabuwa a Kalifoniya. Ta uku, gidan harsashi kada ya wuce guda 10. Niyok ma 10 ne. A 2013 sun yi ƙoƙarin cewa guda 7 kawai za a loda, kotu ta soke.

Niyu Meksiko kuma wani salo ta ɗauka. Da irin bindigar da ka ci jarrabawar harbi za a auna ka. Idan da libarba ka yi, wato mai gidan harsashi da ke juyawa, ita za a rubuta maka, tare da girman harsashi mafi girma da ka gwada. Sannan guda ɗaya tak za ka ɓoye a jikinka a lokaci guda. Ni dai a ganina wannan ya fi ma'ana, kamar lasisin tuƙi ne: wanda ya koyi ƙaramar mota ba a ba shi tirela. Teksas ma ta taɓa yin haka, ta cire a 2013, a 2021 kuma ta ce ma ba sai da lasisi ba.

Wani zai ce, ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yunin 2022. Eh, shari'ar Bruen. Amma abin da ta soke shi ne sharaɗin Niyok na cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka lasisi. Rubuta bindiga a jikin lasisi yana nan.

Inda abin ke ritsawa da mutane shi ne kan iyakar jiha. A 2013 wata uwa daga Filadelfiya, da lasisinta na Fensilbaniya, ta tsallaka Niyu Jazi a mota. Ɗan sanda ya tsayar da ita, da bakinta ta faɗa masa tana da bindiga. Niyu Jazi ba ta san da wannan lasisi ba, ga harsasan nata masu rami a baki, waɗanda jihar ta taƙaita yawo da su. Ɗaurin sama da shekara uku ya tunkaro ta, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.